Macijin Kusugu da Amanar Siffantawa: Waiwaye a kan Labarin Asalin Sarautar Rano

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ya kamata a siffanta macijin rijiyar Kusugu, wanda labarin asalin sarautar Rano ya rataya a kansa. An gwada shi da macijin teku na tsoffin mutanen arewacin Turai da kuma Bida na daular Wagadu, aka auna lamarin da ma'aunin malaman Musulunci na naƙalin labari da tantance shi. Abin da ya bayyana shi ne, ruwayoyin sun kula da sunan macijin da aikinsa, ba su kula da girman jikinsa ba, don haka duk wanda ya ƙara masa siffa daga tatsuniyar wasu mutane ya sauya labarin.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya taɓa halartar hawan salla a Rano ya san cewa ana yi wa sarkinta laƙabi da Autan Bawo. Ɗalibi a Kibiya ko Rurum ko Bunkure, in ya tambayi malaminsa ko wane ne wannan Bawo, amsar ba za ta yi nisa ba sai ta kai su Daura, bakin wata rijiya, inda aka ce wani baƙo ya sare kan maciji cikin dare. A nan malamai suke rabuwa. Wani yakan ba da labarin kamar yana karanta tarihin yaƙin Badar, da yaƙini iri ɗaya. Wani kuma yakan kawar da kai, ya ce tatsuniya ce ta jahiliyya wadda bai dace a ambace ta a makarantar addini ba. A 'yan shekarun nan kuma an sami hanya ta uku, wato zane-zanen da ke yawo a wayoyin hannu, masu nuna macijin Kusugu da fukafukai da ƙahoni yana aman wuta, jikinsa ya fi ganuwar gari tsawo.

Dukkan hanyoyin nan uku sun saɓa wa amanar ilmi. Ta farko ta ɗaga ruwaya zuwa matsayin da ba nata ba, ta biyu ta zubar da shaidar da masu tarihi ke bukata, ta uku kuwa ta yi wa magabata ƙage. Al'ummar da ke kiran sarkinta da sunan da ya fito daga wannan labari tana da haƙƙin a gaya wa 'ya'yanta abin da labarin ya ce, da wanda ya faɗe shi, da lokacin da aka rubuta shi.

2.0 Matsayin Rano a Cikin Labarin

Gundarin labarin sananne ne. An ce Bayajida, wanda wasu ke kira Abu Yazid, ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Borno ya auri 'yar sarki, ya gudu da ita har Garun Gabas inda ya bar ta, ita ce ta haifi Biram. Ya bi ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa sai ta ce ba a samunsa sai ranar Juma'a, domin akwai maciji a rijiya. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, daga bisani ya auri Magajiya Daurama, ta haifa masa Bawo. 'Ya'yan Bawo shida su ne aka ce sun yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in an haɗa da Biram a sami Hausa Bakwai. A ruwayar da H. R. Palmer ya buga a 1928, sunan wanda ya sami Rano Zamna Kogi. A rabon ayyuka kuma da ake dangantawa da 'ya'yan, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato ƙasashen rini, yayin da Daura da Katsina suka zama na kasuwa, Gobir ta yaƙi, Zazzau ta samar da bayi.

Rano ba ƙirƙirar labari ba ce. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma manazarta da dama ke ganin an tattara shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya ambaci Sarkin Rano a zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda bisa lissafin Palmer ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. An ce Yaji ya kori Sarkin Rano daga wani wuri mai suna Zamna Gaba, kuma a zamaninsa ne Wangarawa suka iso da Musulunci daga Mali. Daga baya Rano ta shiga ƙarƙashin Kano, amma mai riƙe da ita ya ci gaba da amsa sunan sarki. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga ta zuwa masarauta mai cin gashin kanta, aka soke dokar a 2024, sannan a cikin shekarar aka maido da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. A duk muhawarar da aka yi a kan wannan, kasancewar Rano cikin Hausa Bakwai na daga cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Ke nan labarin macijin bai tsaya a hirar dare ba, yana da tasiri har a sha'anin sarauta na yau.

3.0 Abin da Ruwayoyin Suka Ce Game da Macijin

Idan aka tsaya a kan abin da ruwayoyin suka haɗu a kansa, siffofin macijin kaɗan ne. Yana da suna, wato Sarki. Yana da mazauni, wato rijiyar Kusugu, wadda har yau tana nan a Daura. Yana da aiki, wato hana ɗiban ruwa sai rana guda a mako. An kashe shi ta hanyar sare kai, kuma wanda ya kashe shi ya tafi da kan, har aka yi masa laƙabi da Makas-Sarki. Babu fukafuki, babu wuta, babu ƙafafu, babu adadin kamu na tsawonsa da ruwayoyin suka yi ittifaƙi a kai.

Daga waɗannan ana iya fahimtar wani abu game da girmansa ba tare da ƙari ba. Macijin da ke zaune a rijiyar gari, wanda ya riƙe guga har aka jawo shi, wanda mutum guda ya sare kansa da wuƙa ya ɗauka ya tafi, bai wuce abin da Bahaushe ya sani a dajinsa ba. Mesa, wadda ita ce mafi girman macizan wannan yanki, takan kai mita huɗu zuwa biyar, kuma tana son wurin ruwa. Sai dai ko a nan ma mai siffantawa ya yi hattara. Hausa tana da mesa da kumurci da gamsheƙa da kasa da kububuwa, kowanne da kamanninsa, amma labarin bai zaɓi ɗaya ba, ya tsaya a kan maciji ko macijiya. Wanda ya rubuta cewa mesa ce ya faɗi ra'ayinsa ne, kuma wajibi ne ya nuna cewa ra'ayi ne.

Ɗaliban tafsiri sun san muhimmancin wannan. Alƙur'ani mai girma ya ambaci abin da sandar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta koma da kalmomi uku: hayya a Suratu Ɗaha, su'uban a A'arafi da Shu'ara'i, da jann a Namli da Ƙasasi. Malaman tafsiri ba su haɗe su wuri ɗaya sun ce duk maciji ne ba. Sun bayyana cewa ta farko sunan jinsi ce, ta biyu tana nuna girma, ta uku tana nuna saurin motsi. Wannan ladabi na kiyaye lafazi shi ne tubalin farko na kowace siffantawa, ko da abin da ake siffantawa ba wahayi ba ne.

Akwai kuma wani darasi a cikin labarin kansa. An ce da gari ya waye Magajiya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, mutane da dama suka yi da'awa, amma ba a gaskata kowa ba sai wanda ya fito da kan da ya dace da gangar jikin. Wasu ruwayoyin Daura ma suna danganta asalin sarautun Galadima da Kaura da waɗanda aka aika su tabbatar da mutuwar macijin. Labarin da shi kansa ya ƙi karɓar da'awa ba hujja bai cancanci a yi masa ƙari ba hujja ba.

4.0 Macijin Arewacin Turai da Matsalar Ruwaya

Mafi yawan siffofin da ake arowa a liƙa wa macijin Kusugu sun fito ne daga finafinai da wasannin kwamfuta na Turawa, su kuma sun ɗebo daga tatsuniyoyin nahiyarsu. Mafi shaharar macizansu shi ne Yormungand na tsoffin mutanen Norwe da Suwidin da Denmak da tsibirin Aisilan. A aƙidarsu ta kafin Kiristanci, shi ɗa ne ga wani abin bautarsu mai suna Loki, ɗan'uwan wani ƙaton kyarkeci da wata mai mulkin matattu. Babban abin bautarsu Odin ya jefa shi cikin tekun da ya kewaye duniya, ya yi ta girma har ya zagaye ƙasa duka ya ciji wutsiyarsa. Abokin gabarsa shi ne Tor mai guduma, wanda ya taɓa fita kamun kifi da kan sa a matsayin koto ya jawo shi, kuma aka ce a yaƙin ƙarshen duniya zai kashe shi, ya yi taku tara, sannan dafin ya kashe shi shi ma.

Abin lura shi ne, ko wannan macijin ba a siffanta shi yadda ake zana shi a yau ba. Tsoffin rubuce-rubucen ba su ba shi fukafuki ko aman wuta ba, dafi suka ce yana fesawa. Cikakken labarinsa kuwa ya zo ne ta hannun Snorri Sturluson, wani malami kuma ɗan siyasa na Aisilan da ya rubuta littafinsa Edda wajen 1220, fiye da shekara ɗari biyu bayan ƙasarsa ta karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. Shi kansa Kirista ne, yana naƙalto aƙidar da ba tasa ba. Da ya zo ƙarshen labarin kamun kifin sai ya kawo zance biyu: wasu na cewa gudumar ta sare kan macijin, mai ba da labarin kuma ya rinjayar da cewa yana nan da rai a teku. Bai ɓoye saɓanin ba. Masu binciken zamani kuma sun gwada rubutunsa da shaidar da ta girme shi, kamar dutsen Altuna na Suwidin na ƙarni na 11, wanda aka sassaƙa Tor a cikin jirgi ƙafarsa ta huda gindin jirgin, daidai da yadda Snorri ya faɗa daga baya.

Kamanceceniya mafi amfani tsakanin labaran biyu ba a jikin macizan take ba, a hannun marubutan take. Snorri ya buɗe littafinsa da cewa abubuwan bautar kakanninsa mutane ne da suka yi ƙaura daga birnin Taroya na Asiya, domin ya haɗa al'ummarsa da tarihin da malaman Kirista ke girmamawa. Haka masu ruwayar Daura suka fito da Bayajida daga Bagadaza, cibiyar halifancin Abbasiyawa, suka kuma sanya ranar ɗiban ruwa ta zama Juma'a. A duka wuraren biyu, tsohon labari ya iso ta bakin mutanen da suka riga suka karɓi sabon addini, kuma sun bar sawunsu a jikinsa. Amma macizan sun bambanta ta kowace fuska. Na Turai iyakar duniya ne, mutuwarsa ita ce tashin duniyarsu. Na Daura ya tare rijiyar gari guda, mutuwarsa kuwa mafarin sarauta ce.

5.0 Maƙwabtan Macijin na Gaskiya

Wanda ke neman abin da zai gwada macijin Kusugu da shi bai kamata ya tsallake teku ba. A ƙasar Kano kanta, Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda bisa lissafin Palmer ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Da ya sha kashi a hannun Zazzau, sai Sarkin Tsibiri ya ba shi shawarar ya koma ga abin bautar da kakanninsa suka sare. An ce ya yanko reshen itacen ya tarar da jan maciji, ya kashe shi ya yi huffi da fatarsa, ya sassaƙa ganguna da reshen, ya jefa su cikin ruwan Dankwai har kwana arba'in kafin ya koma yaƙi. A nan maciji da ruwa da mulki sun haɗu wuri guda, a zamanin da Musulunci ya riga ya shigo fada.

Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma buga bincikensa a 1946, ya ambaci Gajimare a cikin iskokin da suke bauta wa, mai siffar maciji, mai alaƙa da rijiyoyi da bakan gizo. Har yau Hausawa na kiran bakan gizo masha-ruwa, kalmar da ke ɗauke da tsohon tunanin cewa yana shanye ruwan sama. Can yamma kuma, mutanen Soninke suna da labarin Bida, macijin daular Wagadu, wato tsohuwar Gana, wanda ake ba shi budurwa duk shekara don a sami ruwa da zinariya, har wani saurayi ya kashe shi, fari ya biyo baya, daular ta watse.

Waɗannan misalai sun nuna cewa a ƙasashen da ruwan sama ke sauka wata huɗu ko biyar kawai a shekara, wanda ya mallaki rijiya ya mallaki gari. Shi ya sa sunan macijin Kusugu ya fi tsawonsa muhimmanci. Macijin da ake kira Sarki, mai ƙayyade wa jama'a ranar shan ruwa, yana nuni ga wani iko da ya gabata, ko na masu tsafi ne ko na wani gidan mulki, wanda wani sabon iko ya kawar. Mutanen Rano da Kibiya, da suka ga yadda madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 ta sauya noman kudancin Kano, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dangantakar ruwa da iko.

Masu tarihi sun yi saɓani a kan ma'anar labarin baki ɗaya. Palmer ya danganta Bayajida da Abu Yazid, Baharijen da ya yi wa Faɗimiyawa tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. W. K. R. Hallam, a 1966, ya ga labarin a matsayin tunawa da wata ƙaura daga arewa. Abdullahi Smith, a 1970, ya nuna cewa garuruwan Hausa sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka da kasuwanni da wuraren bauta, ba baƙo guda ne ya kafa su ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a Infaƙul Maisuri, ya kawo zancen da ke cewa Bawo bawan Sarkin Borno ne. Ɗalibi na bukatar ya san cewa waɗannan fassarori ne, kowanne da mai shi.

6.0 Ma'aunin Malaman Musulunci

Ba sabon abu ba ne ga malaman Musulunci su siffanta aƙidun da ba su yarda da su ba. Ibn Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya aika zuwa ƙasar Bulgar ta kogin Bolga, ya haɗu a 922 da 'yan kasuwar Rus, waɗanda manazarta da yawa ke ganin 'yan'uwan mutanen arewacin Turai ne. Ya bayyana gumakansu na itace da jana'izar shugabansu, yana rarrabe abin da ya gani da abin da tafinta ya gaya masa. Biruni, a littafinsa kan Indiya na wajen 1030, ya bayyana cewa aikinsa naƙali ne ba jayayya ba, ya kawo zancen Hindu yadda suke faɗinsa. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya soki Mas'udi saboda ya karɓi labarin Iskandar da dodannin teku a ginin Iskandariyya, ya nuna cewa dole a auna labari da ɗabi'ar abubuwa kafin a duba masu ruwayarsa. Na farko ya koyar da rarrabe gani da ji, na biyu amanar naƙali, na uku awon hankali.

Ta fuskar aƙida, naƙalto labari daban yake da gaskata shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albabi, ya yi tsananin suka ga masu girmama itatuwa da duwatsu da yanka, kuma bai iya yin sukar ba sai da ya siffanta abin da suke yi. Duk wanda ya ɗauka cewa wani maciji yana da ikon riƙe ruwa ko saukar da shi, ko ya yi masa yanka, ya faɗa cikin shirka. Wanda kuwa ya ce mutanen Daura suna ruwaito kaza, ya faɗi gaskiya ne game da ruwayarsu. Shari'a ma ba ta bar sha'anin macizai a dunƙule ba. Hadisin Abu Sa'id Al-Khudri da ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim ya zo da gargaɗin macizan gidajen Madina kafin kashe su, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Rano da Kibiya, ta kawo wannan hukunci ta bambanta shi da na macizan daji. Wannan yana koyar da cewa abin da nassi ya tabbatar a karɓe shi da iyakarsa, abin da bai tabbatar ba kada a ɗora masa.

7.0 Kammalawa

Siffanta macijin Kusugu daidai yana bukatar a ambaci ruwayar da ake dogaro da ita da zamanin rubuta ta, a riƙe lafazinta, a bayyana saɓani in akwai, a kuma ware fassarar mai nazari daga matanin labarin. In an yi haka, abin da zai rage maciji ne mai suna Sarki, a cikin rijiyar gari, yana hana ruwa sai ranar Juma'a. Bai kai macijin tekun Turawa girma ba, kuma ba ya bukatar ya kai, domin labarinsa a kan mulki da ruwa yake, ba a kan ƙarshen duniya ba. Malamin da ya amsa wa ɗalibinsa tambayar Autan Bawo ta wannan hanya ya kiyaye masa tauhidinsa, ya kiyaye masa tarihin garinsa, ya kuma koya masa tambayar da malaman hadisi suka gina ilminsu a kai, wato wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji. Allah ne Mafi sani.